Da ba a daɓa wa Monica Seles wuƙa ba, da ta fi Steffi Graf?

Tambaya: Malam, ni sabon shiga ne a kallon tanis. Duk inda ake musun wadda ta fi kowa a cikin mata, sai in ji wani ya ce da ba a soki Monica Seles da wuƙa ba, da yanzu ba a maganar Steffi Graf. Da na duba kuma sai na ga manyan kofuna 9 kacal gare ta, Graf tana da 22. Wace ce Seles ɗin nan, me ya same ta, kuma abin da suke faɗa gaskiya ne ko tausayi ne kawai?

Amsa: Ɗan'uwa, ba tausayi ba ne kawai. A ranar da aka soke ta, ita ce ta ɗaya a duniya, kuma ba da ƙaramar tazara ba. Sai dai masu cewa da ba a maganar Graf sun wuce gona da iri. Kafin in kai ka ga lissafin, sai ka san yarinyar da irin wasanta, don 9 da 22 ɗin nan da ka gani, wato kofunan manyan gasanni huɗu na shekara, ba za su gaya maka abin da ya faru tsakanin 1990 da 1993 ba.

An haife ta ranar 2 ga Disamba, 1973, a birnin Novi Sad na tsohuwar Yugoslabiya, wanda yanzu yake cikin Sabiya. Iyayenta 'yan ƙabilar Hungary ne. Mahaifinta Karoly mai zanen barkwanci ne a jarida, ba kocin tanis ba, kuma shi ya koya mata wasan. A wurin ajiye motoci suka fara, ya ɗaura igiya ta zama raga. Yakan zana ɗan ɓera a jikin ƙwallo ya ce ita ce kyanwa, ta far masa. Tana ƙarama raket ya yi mata nauyi, sai ta riƙa kama shi da hannu biyu ko ta wane ɓangare ƙwallo ta zo. Duk kocin da ya san littafi zai gyara mata wannan tun da wuri. Mahaifinta ya ƙi gyarawa, kuma a nan duk labarin ya samo tushe. A 1985, tana da shekara 11, ta ci gasar yara ta Orange Bowl a Amurka, koci Nick Bollettieri ya gan ta, a 1986 ta koma makarantarsa ta tanis a Fulorida tare da wanta Zoltan, daga baya iyayen suka biyo su.

Yanzu ga abin da nake so ka fahimta sosai, don shi ne zuciyar maganar. Idan aka buga maka ƙwallo, tana dira a ƙasa, ta tashi, ta kai iyakar tashinta, sannan ta fara saukowa. Yawancin 'yan wasan wancan lokaci sukan tsaya taku biyu ko uku a bayan layin baya, su jira ta fara saukowa sannan su buga. Akwai kwanciyar hankali a haka: ka ga ƙwallon da kyau, ka ja hannu baya yadda kake so. Seles ba ta jira. A kan layin take tsayawa, wani lokaci ma a cikin fili, ta buga ƙwallon tun tana tashi daga ƙasa. Tsawon filin tanis bai kai mita 24 ba. Idan ka matso mita biyu gaba, ka kuma buga da wuri, ƙwallon za ta koma wa abokin wasanka tun bai gama dawowa tsakiya daga bugun da ya yi ba. Bugu na farko zai kai. Na biyu zai kai da ƙyar. Na uku yana miƙa hannu ne kawai.

Duk wanda ya taɓa koyar da yara ya san wuyar wannan. Ƙwallon da ke tashi tana da ƙarfinta, idan wuyan hannunka ya ɗan girgiza sai ta tafi inda ta ga dama. A nan hannu biyu yake aiki: fuskar raket ba ta karkacewa, ja da bayan gajere ne, ƙarfin yana fitowa daga ƙugu da kafaɗa. Ga shi ita bahaguwa ce, kuma bugunta na dama da na hagu kusan ɗaya ne a ƙarfi. A tanis kowa yana da ɓangaren da yake ɓoyewa, kowa kuma yana neman na abokin wasansa. Ita babu inda za ka jefa ƙwallo ka huta. Kuma saboda hannu na biyu yana iya murɗa kan raket a daƙiƙar ƙarshe, tana fitar da ƙwallo ta kusurwar da ba a saba gani ba, gajeriya, ta fice ta gefen fili, ta ja abokiyar wasa har wajen layi. Sabis na biyu kuwa, wato bugun fara maki idan na farko ya ɓaci, wanda ake bugawa a hankali don kar a yi asarar maki, ita a wurinta ganima ne. Takan shigo ciki ta mayar da shi da dukkan ƙarfinta. A yau kusan duk manyan 'yan wasa mata haka suke yi, shi ya sa idan ka kalli tsofaffin faifanta ba za ka ga baƙon abu ba. A 1990 baƙon abu ne.

Salon yana da kuɗinsa, kuma za mu dawo kansa. Mai hannu biyu ba ya miƙewa kamar mai hannu ɗaya, don haka sai ya ƙara taku kafin ya isa ƙwallo. Dole ƙafa ta kasance da sauri, jiki ya kasance marar nauyi. Ka riƙe wannan.

Ta shiga wasan ƙwararru gadan-gadan a 1989. A cikin shekarar, tana da shekara 15, ta doke gwarzuwar Amurka Chris Evert a wasan ƙarshe a Houston. Bayan 'yan makonni ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Faransa, Graf ta sha da ƙyar a hannunta a set uku (set zagaye ne na wasa, wadda ta ci biyu ita ke da nasara). Ka tuna wace ce Graf a lokacin: a 1988 ta cinye manyan gasanni huɗu duka, wato na Ostireliya, Faransa, Wimbledon da Amurka, ta haɗa da zinaren Olamfik a shekara ɗaya, abin da babu wanda ya sake yi a wasan ɗaiɗai na masu cikakkiyar lafiya, mace ko namiji. Ana ganin ba ta da mai ja da ita. A 1990 Seles ta lallasa Martina Navratilova 6-1, 6-1 a Rum, ta wuce Balin ta doke Graf a gidansu, ta katse mata wasa 66 da ta ci a jere. Sai wasan ƙarshe na gasar Faransa. A bugun raba gardama na set na farko Graf tana gaba da 6-2, maki ɗaya ya rage mata, sau huɗu. Seles ta ci maki shida a jere ta ɗauke set ɗin, ta ci wasan 7-6, 6-4. Shekarunta 16 da wata 6. Har yau babu macen da ta ɗauki wannan kofi da ƙarancin shekaru haka.

A watan Maris na 1991 ta karɓe matsayi na ɗaya daga Graf, wadda ta yi mako 186 a jere a kai. Daga nan abin ya zama kamar ba gasa ake ba. Ostireliya, Faransa da Amurka a 1991. Ostireliya, Faransa da Amurka a 1992. Ostireliya a 1993. Daga Janairun 1991 zuwa Fabrairun 1993 ta shiga gasa 34, ta kai wasan ƙarshe a 33, ta ci 22. A manyan gasanni ta buga wasa 56 a wannan tsakani, ɗaya tak ta faɗi. Gasar ƙarshen shekara, wadda zaɓaɓɓu kaɗai ke shiga, ta ɗauke ta sau uku a jere daga 1990. Manyan kofuna 8 kafin ta cika shekara 20.

Ba duka ne suka zo da sauƙi ba, kuma wannan ya fi burge ni fiye da yawan. A Ostireliya a 1991 Mary Joe Fernandez ta kai ga maki ɗaya ya rage ta fitar da ita, Seles ta kuɓuta. A Amurka a shekarar, ita da Jennifer Capriati, 'yan mata biyu, ɗaya 17 ɗaya 15, suka yi ta dukan ƙwallo kamar za su fasa ta, sai a bugun raba gardama na set na uku aka rabu. Wasan ƙarshe na Faransa a 1992 kuwa, idan faifai ɗaya za ka nema, shi za ka nema: 6-2, 3-6, 10-8 a kan Graf. Sau biyar Seles tana kaiwa makin ƙarshe Graf tana ƙwacewa. 'Yar wasa da yawa a nan hannu yake mutuwa, ta fara tura ƙwallo tana jiran kuskuren abokiya. Ka kalli Seles a waɗannan mintuna. Duk lokacin da abin ya yi tsanani, ƙara matsowa take yi, ta ƙara nufar layi. Ni a ganina wannan ce babbar baiwarta, ta fi hannu biyun. Ba ta san tsoro ba tukuna.

Wasa ɗayan da ta faɗi shi ne na ƙarshe a Wimbledon a 1992, Graf ta yi mata 6-2, 6-1. A 1991 ba ta buga Wimbledon ba, ta janye saboda ciwon ƙwauri, jaridun Ingila suka yi ta ƙirƙirar dalilai. A 1992 kuma suka tasa ta a gaba kan ihun da take yi duk lokacin da ta buga ƙwallo. Nathalie Tauziat ta kai ƙara wurin alƙalin wasa, Navratilova ma ta kai a wasan kusa da na ƙarshe. A wasan ƙarshe Seles ta danne muryarta, wasanta ya yi sanyi. Magoya bayanta kan ce shirun ne ya kayar da ita. Ya taimaka, amma ba shi kaɗai ba. A kan ciyawa, irin filin Wimbledon, ƙwallo ba ta tashi, zamewa take yi ƙasa-ƙasa. Bugun bayan hannu na Graf yankakke ne, wanda ake shafar ƙwallo ta ƙasa. A filin jar ƙasa irin na Faransa wannan bugu yana dira ya tsaya, Seles ta shigo ta murƙushe shi. A ciyawa yana sulalewa a tsayin idon sawu, mai hannu biyu sai ya durƙusa ya tono shi. Graf ta ci Wimbledon sau 7, Seles ba ta taɓa ci ba, kuma wannan ba aikin wuƙa ba ne.

Ranar Juma'a, 30 ga Afrilu, 1993, a Hamburg ta Jamus, tana buga wasan kwata fainal da Magdalena Maleeva. Ta ci set na farko 6-4, tana gaba 4-3 a na biyu. Aka zo hutun canjin gefe, daƙiƙa 90 da 'yan wasa ke zama su sha ruwa, bayansu yana fuskantar 'yan kallo. Wani mutum mai shekara 38, Günter Parche, ya sauko ta tsakanin kujeru, ya miƙo hannu ta saman shingen da bai kai ƙugu ba sosai, ya daɓa mata wuƙa a tsakanin kafaɗu. Ta sunkuya gaba a daidai lokacin, wuƙar ta shiga kimanin santimita ɗaya da rabi, ta kuskure ƙashin baya da huhu. Ta yi ƙara, ta miƙe, ta yi 'yan taku zuwa wajen raga tana laluben bayanta, sannan aka tare ta ta zauna ƙasa. Shekarunta 19.

Da farko an ɗauka siyasa ce, don Yugoslabiya tana cikin yaƙi a lokacin, kuma an sha aiko mata da wasiƙun barazana. Ashe mutumin masoyin Graf ne da son ya zame masa ciwo. Ya faɗa da bakinsa cewa so yake ya hana Seles wasa don Graf ta koma ta ɗaya. Abin takaici, burinsa ya cika: a watan Yuni Graf ta koma ta ɗaya.

Raunin jiki ya warke cikin makonni. Abin da ya biyo baya ne bai warke ba, kuma a nan nake da fushi har yau. Ba a dakatar da gasar ba, aka ci gaba aka buga wasan ƙarshe ranar Lahadi tana kwance a asibiti. Bayan kwanaki, manyan 'yan wasa mata suka taru a Rum aka tambaye su ko a riƙe mata matsayinta na ɗaya har ta dawo. Suka ƙi. Gabriela Sabatini ta Ajantina ce kaɗai ta ƙaurace wa ƙuri'ar. Na san hujjarsu: matsayi kuɗi ne, kwangilar talla tana ɗaure da shi, kuma babu wanda ya san yaushe za ta dawo. Amma wannan ba targaɗe ba ne da ta yi a wajen atisaye. An kai mata hari ne a kan kujerarta, a wurin aikinta, don a sauke ta daga wannan matsayi, kuma abokan aikinta suka sa hannu aka sauke ta. Sai kotu. A watan Oktoba na 1993 aka sami Parche da laifin yi mata mummunan rauni, ba yunƙurin kisa ba. Kotu ta karɓi cewa hankalinsa ba cikakke ba ne kuma bai yi niyyar kisa ba, aka yi masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka na shekara biyu, ya tafi gida. Aka sake sauraron shari'ar a 1995, hukuncin bai canza ba. Ƙarar diyya da ta shigar kan masu shirya gasar ma ba ta yi nasara ba. Ta ce ba za ta sake buga wasa a Jamus ba, kuma ba ta sake ba. Masu gadin da kake gani yanzu tsaye a bayan 'yan wasa lokacin hutu, fuskarsu tana kallon jama'a, daga wannan rana abin ya zama dole.

A cikin wannan shekarar kuma aka gano mahaifinta yana da ciwon daji. Shi ne kocinta, shi ne abokin hirarta, shi ne wanda idonta ke nema a cikin 'yan kallo bayan kowane maki mai wuya. Daga baya ta bayyana da kanta irin halin da ta shiga: baƙin ciki mai kwantar da mutum, mugayen mafarkai, da lalurar cin abinci ba ƙaƙƙautawa, ta ci a ɓoye da dare har ta rasa yadda za ta tsaya. Ta yi shekaru tana fama da wannan, jikinta ya yi nauyi. 'Yan jarida suka riƙa maganar ƙibarta kamar lalaci ne, alhali ciwo ne.

Sama da shekara biyu ba ta buga gasa ba. A 1994 ta zama 'yar ƙasar Amurka. A watan Agusta na 1995 ta dawo, kuma a wannan karon an ba ta matsayi na ɗaya tare da Graf, da ƙoƙarin Navratilova wadda ke shugabantar ƙungiyar 'yan wasan a lokacin. Gasarta ta farko a Toronto ta Kanada ta cinye ta, gem 14 kawai (ƙananan zagayen da ke haɗuwa su zama set) aka ci ta a wasa biyar, ta yi wa Amanda Coetzer 6-0, 6-1 a ƙarshe. Ka tsaya ka auna wannan. Mutum ya bar sana'a shekara biyu, ya dawo ya tarar babu wanda ya kamo shi sai mutum ɗaya. A gasar Amurka ta kai wasan ƙarshe ba ta rasa set ko ɗaya ba, ta haɗu da Graf. A bugun raba gardama na set na farko ta buga sabis da ta ɗauka ya ba ta set ɗin har ta nufi kujera, aka ce ya fita. Graf ta ci 7-6, 0-6, 6-3. A Janairun 1996 ta ɗauki kofin Ostireliya karo na huɗu, ta doke Anke Huber 6-4, 6-1. Shi ne na 9, kuma na ƙarshe.

Me ya hana na 10? Ka tuna abin da na ce ka riƙe. Hannunta bai manta komai ba, har ta yi ritaya babu mai buga ƙwallo da tsabta kamarta. Ƙafa ce ta rage. Salon da ke bukatar ƙarin taku ya haɗu da jikin da ya yi nauyi, sai raunuka suka biyo: kafaɗa, gwiwa, daga baya tafin ƙafa. Idan ta isa ƙwallo a kan lokaci, makin nata ne. Idan aka ja ta gefe zuwa gefe, sai ka ga ta saki hannu ɗaya tana miƙawa, kuma Seles mai hannu ɗaya 'yar wasa ce kamar kowa. Na biyu, wannan rashin tsoron ya tafi. Kafin harin ta buga wasan ƙarshe na manyan gasanni sau 9, ta ci 8. Bayan dawowarta ta buga 4, ta ci 1. Na 1998 a Faransa ya fi taɓa zuciya. Mahaifinta ya rasu a tsakiyar watan Mayu, bayan ta yi jinyarsa. Ba ta yi wani shiri ba ta zo Faris sanye da baƙaƙen kaya, zobensa a sarƙar wuyanta, ta yi wa Martina Hingis, ta ɗaya a duniya, 6-3, 6-2 a wasan kusa da na ƙarshe. A na ƙarshe ƙarfi ya ƙare, Arantxa Sanchez Vicario ta Sifaniya ta ci 7-6, 0-6, 6-2.

To, ga lissafin da ka tambaya. Ranar da aka soke ta, Graf tana da manyan kofuna 11, Seles 8, kuma Seles ta fi ta ƙuruciya da shekara huɗu da rabi. A duk haɗuwarsu zuwa lokacin Graf ce a gaba, 6 da 4, amma ukun farko Seles tana 'yar shekara 15 aka buga su. A wasan ƙarshe na manyan gasanni Seles ce a gaba, 3 da 1. Manyan gasanni 10 aka yi ba ta nan. Graf ta ci 6, Sanchez Vicario 2, Conchita Martinez 1, Mary Pierce 1. Uku daga cikin goman Wimbledon ne, na bar wa Graf da Martinez abinsu. Saura 7 a jar ƙasa da filin daɓe, kuma irin waɗannan 7 da aka yi kafin harin duk Seles ce ta cinye su a jere. Ra'ayina, kuma ra'ayi ne, da ta ɗauki huɗu ko biyar daga ciki. Ka ƙara da wasu 'yan kaɗan daga 1995 zuwa 1997 da lafiyayyar Seles za ta iya ɗauka, sai ka same ta a wajen 15 ko sama, Graf kuma ta sauko ƙasa da 20. Wato da sun tsaya kafaɗa da kafaɗa, kusa da inda Evert da Navratilova suka tsaya da 18 kowacce.

Masu kai ta 25 ko 30 suna manta abubuwa. 'Yan matan da suka yi tashe da wuri ba kasafai suke daɗewa ba. Tracy Austin ta ci gasar Amurka tana 16, ciwon baya ya gama da ita tun tana farkon shekaru ashirin. Hingis ta tara manyan kofuna 5 kafin ta cika 19, ba ta ƙara ko ɗaya ba a wasan ɗaiɗai, kuma babu wanda ya taɓa ta. Ciwon mahaifin Seles zai zo ko da wuƙa ko babu. Sannan daga 1998 Lindsay Davenport da Venus da Serena Williams suka iso, dogaye, masu sabis mai ƙarfi, suna buga irin wasan da ita ta buɗe wa ƙofa amma da ƙafar da ta fi tata. Ƙofar Seles ta fi faɗi ne daga 1993 zuwa 1997, kuma rabin wannan lokaci ne aka sace mata kai tsaye, sauran rabin aka lalata.

Game da Graf kuma, kar ka yarda a rage mata daraja a gabanka. Ba ita ta aiki mutumin ba, ta je asibiti ta duba Seles, kuma ta ɗauki nauyin abin a ranta shekaru. Ta ci kowace babbar gasa aƙalla sau 4, abin da ba wanda ya yi. Ba ta taɓa zama mai sauƙi ga Seles ba: wasanninsu biyu na ƙarshe kafin harin da Seles ta ci, na Faransa 1992 da na Ostireliya 1993, duk sai da aka kai set na uku. Kuma Graf mai gyara wasanta ce, da ta ci gaba da shan kaye da ta nemo magani, kamar yadda Evert ta koma ta ƙara ƙarfin jiki saboda Navratilova. Abin da za a iya faɗa da gaskiya shi ne manyan kofuna 11 da Graf ta ƙara bayan harin sun zo mata a filin da babu babbar abokiyar hamayyarta, ko kuma tana nan amma ba ita ba ce. Ita ma Graf an yi mata asara, don duk kofin da ta ɗaga bayan 1993 sai an sami mai yi masa tambaya irin taka.

Seles ta ci gaba da zama cikin goma na farko har farkon shekarun 2000. Ta ci gasar Kanada sau huɗu a jere, ta ci kofin ƙasashe na mata da Amurka sau uku, ta sami tagulla a Olamfik na Sydney a 2000. A Ostireliya a 1999 ta doke Graf 7-5, 6-1, nasararta ɗaya a kanta bayan dawowa, kuma sai a wasa na gaba ne aka fara doke ta a wannan gasa bayan ta ci 33 a jere. A 2002 ta fitar da Venus Williams a can. Wasanta na ƙarshe a gasar Faransa ne a 2003, ciwon ƙafa ya hana ta komawa, ta sanar da ritaya a Fabrairun 2008 da kofuna 53. A 2009 aka shigar da ita zauren karrama gwarazan tanis. A 2025 ta sanar cewa tana fama da wata cuta mai raunana tsoka.

Salon hannu biyu ta kowane gefe bai yaɗu ba, don yana da wuya kuma kociyoyi suna gudunsa. Amma Marion Bartoli ta Faransa, wadda mahaifinta ya sauya mata riƙo bayan ya kalli wasan ƙarshen nan na 1992, ta ci Wimbledon da shi a 2013. Saboda haka ban cire yiwuwar Seles ta ci ciyawa sau ɗaya ba da an bar ta, musamman da sabis ɗinta ya fara ƙarfi a 1993. Idan aka tambaye ni wadda ta fi kowa tarihi, ba zan sa ta gaban Graf ko Serena ko Navratilova ba, don tarihi da abin da aka yi ake auna shi. Idan kuma aka ce in zaɓi mace ɗaya, a ganiyarta, ta buga mini wasa ɗaya a jar ƙasa ko filin daɓe da Graf ta kowace shekara, Seles ta farkon 1993 zan ɗauka.